Bangon da Sumul Ya Tsaga

Shekara arba'in da ɗaya Sumul ya yi yana shafe bango da siminti, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa kiran wani magini ya bi bayan aikinsa ba. Sunan ma daga nan ya samo shi. In ya gama plasta, sai ya rufe ido ya bi bangon da bayan hannunsa daga wannan kusurwa zuwa waccan, idan ƙwayar yashi ɗaya ta tokare shi, to cokali bai gama aiki ba. Leburorin da suka zauna a ƙarƙashinsa sun ɗanɗana kuɗarsu, don mutum ne da zai sa ka sake kwaɓi sau uku saboda ruwa ya ɗara da rabin gwangwani. Suna zaginsa ƙasa-ƙasa in ya juya baya, amma su ɗin ne za ka ji a wani wurin aiki suna cika baki wai a hannun Sumul suka koya.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana, kuma siminti ya cinye masa zanen yatsu tas. Yana da wata ɗabi'a da duk unguwa ta san shi da ita. Kullum akwai ɗan ƙaramin cokalin gini a aljihunsa da ƙullin siminti a leda. In yana wucewa ya ga tsaga a katangar wani, ko da siririya ce kamar gashi, sai ya tsaya ya nemi ruwa ya cike ta, bai san mai gidan ba, ba a kuma sa shi ba. An taɓa korar shi da tsintsiya daga ƙofar wani gida, an ɗauka ɓarawo ne yake auna katanga. Mutane suna dariya suna cewa son aiki ne ya yi masa yawa. Ba son aiki ba ne, kuma shi ya sani.

Abin da ya faru shi ne, da ya yi aure ɗaki ɗaya ya gina a ƙarshen wani fili mai gangare, shi kaɗai, a ranakun da ba ya fita aiki. Matarsa mai ɗinki ce. Ta kafa kekenta a jikin taga, inda haske ya fi shigowa, tun daga bakin layi kana jin ƙararsa. A shekara ta biyar, bayan ruwan farko, tsaga ta fito daga kusurwar tagar nan. Ta nuna masa, ta ce ya gyara. Ya ce zai gyara. A lokacin yana shafe wani katafaren gida a ɗaya ƙarshen gari, yana fita da duku-duku ya dawo a gajiye, kuma a ganinsa ba mai ɗinki ce za ta koya wa magini halin bango ba. Sau uku ta yi masa magana cikin wata biyu, sau uku ya ba ta amsa guda. Ran da bangon ya faɗi da rana tsaka ne, ana ruwa tun safe, shi kuma yana can yana ƙawata falon wani. Kafin ya iso maƙwabta sun riga sun ciro ta, sun lulluɓe ta da zane. 'Yarsu mai shekara huɗu a bakin ƙofa aka same ta, ko ƙwarzane babu a jikinta.

Kowa ya ce ƙaddara ce, ruwan bana ya yi yawa, gidaje nawa suka zube. Sumul ya sunkuyar da kai ya karɓa. Babu wanda ya san maganar sau ukun nan sai shi da wadda ta tafi. Da yarinyar ta yi wayo ta fara tambaya, abin da mutane suka faɗa shi ya maimaita mata: ruwa ne, Tilo, ruwa ne ya yi yawa. Tilo yake kiranta don ita kaɗai gare shi, bai kuma sake aure ba. Tun daga ranar tsoro ɗaya yake kwana da shi yake tashi da shi, kada wata rana ta san gaskiya ta dube shi da wani ido. Ya rasa uwar, ba zai iya rasa 'yar ba.

Shi ya rene ta, da taimakon yayarsa da ke zuwa ranar hutu. Ya koyi kitso, ko da yake layukansa sun fi kama da jerin bulo, har yayar ta haramta masa taɓa kan yarinya. Tilo ta taso da gawayi a hannu. Duk bangon ɗakin da suka kama haya ta cika shi da tsuntsaye da motoci da wata mata marar fuska zaune a gaban keke. Duk duniya ita kaɗai ce ta taɓa ɓata bangon Sumul ta kwana lafiya. Da ta gama makaranta ta ce zane za ta karanta, sai da ya kwana biyu sannan ya ce to. Ta karanta, ta fito, ta kama wata sana'a da har yau bai iya yi wa abokansa bayaninta ba: tana mai da sabon abu tsoho, tana gina dutse da siminti, tana sa katako ya yi kamar ya shekara ɗari a cikin ruwa.

"Wato dai ƙarya kike ginawa," in ji shi ran da ta fara nuna masa hotunan aikinta.

"Ƙarya mai tsada, Baba," ta ce tana dariya. "Mutane layi suke bi su gan ta."

Shekaru suka tura. Gwiwa ta fara yi masa gardama a kan tsani, masu ba da aiki kuma suka koma neman matasa masu injin feshi da ke gama gida a kwana uku. Sumul ya fara zama a ƙofar gida da safe, abin da bai taɓa yi ba. Tilo ta ga yana ramewa a zaune. Sai ga shi an ba kamfanin da take yi wa aiki kwangilar ƙawata wani sabon abin hawa a babban wurin shaƙatawa na bayan gari, ita ce kuma shugabar masu ƙawatawar. Ta je ta samu Injiniya, mai kula da aikin baki ɗaya, ta ce tana da magini guda da babu irinsa. Ba ta ɓoye masa cewa ubanta ne ba.

Abin hawan ɗan ƙaramin jirgin ƙasa ne mai tarago shida, wanda zai ɗebi mutane ya ratsa da su cikin wani tsohon ƙauye da daji ya cinye. Babu ƙauyen, babu dajin, duk sai an yi su. Ranar farko na'urar da ke bakin ƙofa ta ƙi karɓar yatsan Sumul, ya dangwala sau bakwai tana ja masa jar wuta, a ƙarshe mai gadi ya buɗe masa littafi shi kaɗai. Da ya shiga sai ya tsaya ya riƙe baki. Duwatsu ne manya-manya kamar gidaje, amma da ya ƙwanƙwasa ɗaya sai ya amsa masa kamar tulu, ashe rodi ne da raga aka yi wa feshin siminti. Bishiyoyi a mota ake kawo su da girmansu, saiwoyinsu ɗaure a buhu, injin ɗaga kaya ya sauke su cikin rami. Ciyawa a naɗe take zuwa kamar tabarma, a shimfiɗa ta da safe, da yamma ka rantse a wurin ta tsiro. Ga ramin da za a sako ruwa daga saman dutse, ga gora an dasa a jere don ta ɓoye ɗakin injin.

A nan ya haɗu da Mai Lambu, wani dattijo sa'ansa mai surutun da ya ishe su su biyu. Mai Lambu ya taɓa yin kwana uku yana ba wani kututture ruwa safe da yamma, yana mitar ya ƙi toho, kafin a gaya masa Tilo ce ta sassaƙa shi da siminti. Har aikin ya yi nisa ba a daina yi masa tsiya ba, shi kuma yakan ce ai ladansa yana nan. Tare suke shan shayi a inuwar ɗakin tikiti, wanda Sumul ya shafe shi ciki da waje har Injiniya ya tsaya ya ɗauki hoto. Wata biyu haka, Sumul ya yi ƙiba, dariyarsa ta dawo.

Wuri ɗaya ne ba ya bi. A inda layin jirgin ya yi kwana ta ƙarshe an gina kango, bango uku babu rufi, da taga ɗaya a na tsakiya. Kwana tara Tilo ta yi a jikinsa da ƙusa da wuƙa da soso, tana tsattsaga shi don ya yi kama da gidan da aka gudu aka bari. Sumul ya ji ana maganar, sai ya mai da hanyarsa ta bayan ɗakin injin, duk da ta fi nisa kuma akwai taɓo. Mai Lambu ya tambaye shi dalili, ya ce motsa gwiwa yake.

Wata safiya Tilo ta ɗauki Mai Lambu a mota suka tafi zaɓo bishiyoyi a wata gona mai nisa, sai washegari za su dawo. Da hantsi Injiniya ya zo wucewa, waya manne a kunne, takardu a hammata, ya ɗaga wa Sumul hannu.

"Baba, bangon kangon can, ka ɗan gyara min shi kafin masu fenti su zo jibi."

Abin da Injiniya yake nufi ɗan wuri ne a gindin bangon, inda masu shimfiɗa bututu suka fasa gefe, bai fi tafin hannu biyu ba. Amma bai tsaya ya faɗi haka ba, wayarsa ta ja shi ya yi gaba. Kuma a kunnen Sumul, in an haɗa bango da gyara a magana ɗaya, ma'anarsu ɗaya ce tak.

Ya ɗauki kwanon kwaɓi da cokali ya nufi wurin. Yana shan kwanar ya gan shi: bango ruwan toka, ba a yi masa fenti ba tukuna, taga a tsakiya, tsaga ta fito daga jikinta ta bazu. Ƙirjinsa ya buga har sai da ya ajiye kwanon. Bai san lokacin da ya kwaɓa ba. Ya jiƙa tsagar farko ya danna mata siminti ya shafe, ya koma ta biyu.

Kada a ce bai gane ba. A ta uku ya gane. Zurfinta bai kai gaɓar yatsa ba, gefenta da sawun wuƙa, kuma bulon da ke bayanta lafiyarsa ƙalau. Ya tsaya da cokali a hannu, ya ce wa kansa wannan aikin Tilo ne, ka ajiye. Ya dubi sauran da suka rage a buɗe, sai ya ji ba zai iya juya musu baya ya tafi ba, ko da za a yanka shi. Hannun ya ci gaba. Bai ci abinci ba, bai nemi inuwa ba. Kafin la'asar bango ukun nan sun zama sumul kamar na sabon asibiti, shi kuma ya zauna a kan layin jirgin yana kallonsu, kunya da sanyin rai sun haɗu sun cika masa ciki.

Washegari da safe sai da aka ji muryar Injiniya daga bakin ƙofa.

"Gindin na ce! Gindin! Wa ya ce ka mai da min kango ɗakin amarya? Gobe fenti, wata mai zuwa gwaji, yanzu ni me zan gaya wa masu wurin?"

Ma'aikata suka taru nesa-nesa, wasu na danne dariya. Tilo ta sauko daga mota da ƙurar hanya a jikinta, ta ratso su ta tsaya a gaban bangon. Ta ɗora tafin hannunta a inda tsagarta ta fi kyau, ta shafa, babu ko alama. Da ta juyo idonta ya yi ja.

"Baba, me na yi maka?"

Da zagi ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Kwana tara, Baba. Ka san aikina ne. Kai da kake gane yashin da ba a tankaɗe ba daga nesa, ba za ka ce min ba ka gane ba."

"Na gane," ya ce a hankali.

"To don me?"

Injiniya ya ce shi ba ya son dogon zance, dattijo ya tattara kayansa, za a nemo wani. Tilo ta ce a bar mata, ita ta kawo shi, ita za ta sake aikin ko da ba za ta runtsa ba. Ta zaro takardar zanen daga jaka ta buɗe ta a kan wani dutse. Sumul ya matso ya leƙa. Ya san ya kamata ya yi shiru, amma shekara arba'in da ɗaya ba ta barin mutum ya ga kuskure a bango ya haɗiye.

"Wannan ba tsaga ba ce," ya ce. "Zane ne."

"Na'am?"

"Kin yi ta kamar saiwar bishiya, tana yawo inda ta ga dama. Tsaga ba ta yawo. Akwai abin da ya haife ta, kuma ta san inda za ta." Ya ɗago kai ya dubi Injiniya. "Ni na ɓata. A ba ni yini ɗaya da bango ɗaya. In bai yi ba, ba sai an kore ni ba."

Injiniya ya dubi Tilo. Tilo ta naɗe takardarta ta ce, ba tare da ta kalli ubanta ba, a ba shi.

Yinin ranar ya ƙare ne wajen farfasa shafen jiya daga bangon tsakiya. Bai taɓa ɗaga guduma a kan aikinsa ba sai ranar. A gida suka ci abinci, kowa na kallon kwanonsa. Da gari ya waye shi ne na farko a littafin mai gadi. Ya kwaɓa da kansa, ya ɗora sabon shafe mai kaurin yatsa uku, sannan ya zauna yana jira. Siminti yana da ɗan lokacinsa: in ka taɓa shi da wuri ya zube, in ka makara ya ƙi wuƙa. Sai ya kai inda babban yatsa zai bar sawu amma ba zai ɗauko komai ba, daga nan kana da kamar awa biyu. Tilo ta zo ta tsaya a bayansa, hannu harɗe a ƙirji.

Ya danna yatsa, ya ce bismillah, ya ɗauki wuƙa. Sai hannun ya tsaya a kusurwar tagar, ya ƙi gaba. Ya goge zufa da hannun riga ya sake ɗorawa.

"Daga nan take farawa," ya ce, kamar da bangon yake magana. "Kusurwar taga, nan ne bango ya fi rauni. Ƙasa ce ta zauna ta wancan gefen, ruwa ya ci gindin, to bangon yana so ya bi ta."

Wuƙar ta shiga. Bai ja ta a miƙe ba. Ta gangara faɗin bulo ɗaya, ta karya, ta bi layin da bulo ya haɗu da bulo, ta sake gangarawa, kamar matakala, har ƙasa. Ya koma saman tagar ya fitar da wata ta nufi inda rufi zai zauna, ya buɗe bakinta a sama, ya matse ta a ƙasa. Sannan ya yi abin da Tilo ba ta taɓa gani ba: ya ƙara siminti a gefe guda na tsagar har ya ɗan turo gaba ya bar ɗan'uwansa a baya, yadda in ka shafa za ka ji tudu. Da tsinin ƙusa ya fitar da 'yan siraran da ke rakiyar babbar. Ya ɓantare shafe a wuri biyu, ya bar ɓaraguzan a gindin inda suka faɗi, ya hana a share.

Mai Lambu ya zo wucewa da baro cike da tsiron da za a dasa a jikin kangon. Ya ɗaga kai, ya yi salati, ya ja baronsa baya da sauri.

"Kai, Sumul, fito daga nan! Bangon nan tafiya zai yi!"

Babu wanda ya yi masa dariya wannan karon, don waɗanda ke kusa ma sun ja da baya. Injiniya ya zo, ya zagaya ta bayan bangon ya duba bulo da idonsa, ya dawo ya tsaya yana kaɗa kai. Ya ce a yi sauran biyun haka, sannan ya kora mutane kowa ya koma bakin aikinsa. Aka bar uba da 'ya.

Tilo ta matso har kafaɗarta ta kusa taɓa tasa. Fushin jiya ya sauka daga fuskarta, wani abu dabam ya hau.

"Baba, kai da ba ka barin tsaga ta kwana, a ina ka zauna ka kalli wata har ta girma haka?"

Yana da hanyar fita. Zai iya cewa aiki ne, magini me bai gani ba. Maganar ma ta zo bakinsa. Amma ga abin nan a gabansu, tsayinsa ya fi mutum, shi ya fitar da shi da hannunsa, kuma ya gaji. Tsoron bai ragu ba ko kaɗan, gajiyar ce ta fi shi nauyi.

"Ta ɗakinmu ce," ya ce. "Haka take, ban ƙara ba, ban rage ba. Wata biyu ina kallonta kullum in zan fita."

Tilo ba ta motsa ba.

"Ba ruwa ne kaɗai ba, Tilo. Uwarki ta nuna min. Ta ce in gyara, na ce zan gyara."

"Sau nawa?"

"Uku."

"Kuma kana da siminti."

"Rabin buhu yana bayan ƙofa. Aikin yini ɗaya ne, in tokare bangon in bi gindin."

Can nesa injin ɗaga kaya yana sauke wata bishiya, ana ta ihun a sassauta. Tilo ta juyo ta dube shi.

"Ni me ya kai ni bakin ƙofa?"

"Ita ta mai da ke. Tun ran da ta fara ganin tsagar ta ɗauke tabarmarki daga gindin bangon, ta hana ki wasa a wurin."

"Ita kuma ta zauna."

"Keken yana son hasken taga. Ɗinkin mutane ne a hannunta." Ya dubi tagar. "Ta yarda da ni ne. Na ce mata bangon zai kai rani."

Tilo ta juya ta tafi. Ba gudu ta yi ba, tafiya ce ta wanda ya san in ya tsaya zai faɗi. Ta bi ta cikin gorar ta ɓace. Sumul ya ɗaga ƙafa zai bi ta, ya mayar. Abin da ya shekara ashirin da shida yana gudu ya same shi da rana tsaka, a gaban bangon ƙarya, kuma babu wanda zai ɗora wa laifi. Ya dubi simintin, saura kaɗan ya ƙi wuƙa. Akwai siririya ɗaya da ta rage a ƙasan tagar, yana tune da ita sarai. Ya durƙusa ya fitar da ita, hawaye na zuba a kan hannunsa, don bai san wani abin da zai yi da hannun ba.

Bai gan ta ba duk yinin. Mai Lambu ya kawo masa shayi, ya dubi fuskarsa, karon farko tun haɗuwarsu ya ajiye kofi ya tafi bai ce uffan ba.

Sai da aka tashi daga aiki, wurin ya yi shiru, sannan ta dawo. Idonta a kumbure. Ba shi ta nufa ba, bangon ta nufa. Ta tura hannunta cikin tsagar a inda ta fi faɗi, yatsunta huɗu suka shige. Ta daɗe a haka, goshinta jingine da simintin.

"Da ka faɗa min tun ina ƙarama," ta ce, ba ta juyo ba.

"Tsoro na ji."

"Na me?"

"Kada ki tafi."

Ta zaro hannun ta goge shi a jikin rigar aikinta.

"Ban yafe ba tukuna, Baba. Kada ka roƙe ni yau, ba zan iya yi maka ƙarya ba."

"Ba zan roƙa ba."

Ta ɗauki jakarta ta yi gaba. Ya tsaya ya wanke cokalinsa da wuƙar a bokiti, ya kife kwanon, ya bi layin jirgin a hankali saboda gwiwa, bai sa ran komai ba. Da ya sha kwanar ɗakin tikiti sai ya hango ta a bakin babbar ƙofa. Motar ma'aikata ta cika, direba yana ta danna mata oda, ta ɗaga masa hannu ya tafi. Ba ta waiwayo ba, amma ba ta ɗaga ƙafa daga wurin ba sai da ta ji takunsa a bayanta.